Yaya Bala da Bakin Teku

Yana tsugune a tsakar gidanmu na Shinkafi, yana zana mana hanyar ruwa da tsinke. Yayana Bala ke nan, shekarar da aka fara Shari'a, ya zo ganin gida daga Legas. Kifi ya yi ƙaranci a gulbinmu, shi ya sa ya koma can. Shi da abokinsa sun samu ƙaramin jirgi mai inji, za su fita teku kamun kifi.

Ya nuna inda kogi ke karo da teku, ya ce nan igiyar ruwa ke kifar da jirage, sai an jira ta lafa.

Inna ta ce, "In injin ya mutu can tsakiya hwa, wa za ka kira?"

Ya yi dariya. "Allah, Inna."

Da ya koma Legas suka fita teku, abokin ne kaɗai ya dawo. Ba a ga gawa ba, ba mu da kabarin ziyarta.

Yau Inna, da tsufa ya rikita, ta ce in tura yaro tasha ya duba ko Bala ya iso.

Jama'a, ku me za ku ce mata?