Sunan Inna a Kan Fasfo

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina da tafiyar shekaru, amma damunar da muka yi ta fafutukar nema wa Inna fasfo ba na jin za ta taɓa gushewa daga zuciyata. Ni ce babbar 'yarta, a lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanbatta, inda gona ke jingine da gona, ba ka tafiyar minti biyar ba ka amsa sallamar wani ba.

Abin ya samo asali ne daga wata tafiya Legas da muka yi shekara guda kafin nan. Ƙanena da ke aiki can ya matsa sai Inna ta je ta ga iyalinsa, kuma saboda ciwon bayanta ya ce jirgi za mu hau. Na yi kwanaki ina zullumin irin takardun da za a tambaye mu. Da muka isa filin jirgi a Kano, ashe tikiti ne kawai da kowane katin gwamnati mai hoto, muddin sunan ya yi daidai da na tikitin. Inna ta kwance bakin mayafinta ta fito da katin zaɓe. Ma'aikacin ya dubi katin, ya dubi fuskarta, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Har yau ina ganinta manne da tagar jirgin. Gonaki sun shimfiɗu a ƙasa kamar an jera tabarmi, kore da ja-ja, bishiyoyin kuka kamar ɗigon tawada. Da muka kutsa cikin gajimare ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin a hankali. Can ta ce min ashe duk rigimar da ake yi a kan iyakar gona, a kan abin da bai kai tafin hannu ba ake yi. Bayan mun dawo, in jirgi ya gifta sama tana surfe, sai ta riƙe taɓarya ta bi shi da ido har ya ɓace. Katin nan kuwa ta ɗauke shi mabuɗin ko'ina a duniya.

Autarmu tana aure a Masar, mijinta yana karatu a Alƙahira. Da labari ya zo cewa tana da cikin fari, kuma likita ya ce cikin yana buƙatar kulawa, Inna ba ta yi shawara da kowa ba ta ce za ta je ta yi mata wankan jego. Ta nuna min katinta ta ce in kira a yanko tikiti. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa katin nan a cikin gida yake da ƙarfi, in za a tsallaka wata ƙasa sai da fasfo, sai da biza, har da katin allurar shawara. Ta yi mamaki ƙwarai, ta tambaye ni ko sama ba ɗaya ba ce.

Saura wata huɗu haihuwa muka fara nema, a ganina lokaci ya ishe mu. A ofishin fasfo aka lissafa mana abin da za mu kawo: lambar katin ɗan ƙasa, takardar ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa, in babu ita sai wani babba a dangi ya yi rantsuwar shekaru a kotu. Kuma suna ya zama ɗaya a kan dukkansu.

A nan aka samu cikas. Sunan Inna na yanka ɗaya ne da na kakarmu, uwar Baba. Tun ranar da aka kawo ta gidan tana amarya ba wanda ya sake kiran ta da shi, don kunya, sai aka koma kiran ta da sunan ranar da aka haife ta. Shi ne a katin zaɓe, shi ne a katin ɗan ƙasa, kuma ni ce na cike mata takardun da hannuna ba tare da na yi tunanin komai ba.

Wanda zai yi rantsuwar yayanta ne, Kawu, malamin allo a wani ƙauye wajen Kunci. Muka same shi da hantsi a zaure. Na yi masa bayani cewa ya faɗi sunan da ke kan katin kawai, aiki ya yi sauri. Ya girgiza kai.

"Ba zan tsaya gaban alƙali in ce wannan ne sunanta ba," in ji shi. "Ina nan aka raɗa mata suna, ni na raba goron."

Ya jawo tsohuwar gafaka ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, rubutun mahaifinsu ne da ajami, inda yake rubuta haihuwar 'ya'yansa. Ya karanta layin Inna da ƙarfi. Na ga jikinta ya ɗan motsa kamar wadda aka kira daga nesa. Na ci gaba da roƙo, na ce gyaran suna zai iya cin makonni, akwai wani dangin da zai yarda ya yi rantsuwar. Inna kuwa takardar take kallo, alhali ba ta iya karanta ta.

"A rubuta wanda mahaifina ya sa min," ta ce a hankali. "In zan fita ƙasar nan, in fita da sunan da na shigo da shi."

Muka shiga gyara. Ba laifin kowa ba ne, abu ne mai matakai. Ga shi na'ura ta ƙi ɗaukar zanen yatsunta saboda lalle da kantar fartanya, sai da ta yi kwanaki tana shafa man kaɗanya muka koma. Gero ya tsiro, aka yi noman farko, aka yi maimai, ya fitar da kai, muna jira. Jakarta na ɗaure a gefen gado, da yajin jego da kanwa da garin kunu. Da la'asar takan zauna a inuwar darbejiya tana tambaya ta ko kogin Alƙahira shi ne wanda aka saka Annabi Musa a ciki, ta ce in ta je za ta tsoma hannunta ko sau ɗaya. Tana ba ni labarin titunan da ba ta taɓa gani ba kamar ta yi shekara a can.

Wata safiya muna gona mijin auta ya kira, ya ce naƙuda ta zo da wuri, an shiga da ita tiyata. Inna ta zauna a kan kunya a tsakiyar gero, wayar a cinyarta, leɓenta na motsi. Mun kai azahar a haka kafin ya sake kira ya ce an samu mace, uwa da 'ya suna lafiya. A hanyar gida ta ce min da ta bi maganata a kan sunan, da tana can riƙe da hannun yarinyarta.  Ta waya ta koya wa wata maƙwabciyar auta yadda ake haɗa ruwan wanka.

Fasfo ya fito da kaka, lokacin auta ta riga ta yi arba'in, suna ma shirin dawowa gida. Inna ba ta taɓa tafiya da shi ba har ta koma ga Allah. Ranar da na kawo mata shi tana sussuka, ta wanke hannu ta karɓa, ta buɗe shafin hoton ta ce in karanta mata. Na karanta ƙasa da gari, da na zo kan suna sai na tsaya, don bakina bai taɓa furta shi ba.

"Karanta mana," ta ce. "Na yafe miki."

Na karanta. Ta rufe ido ta ce in sake.

Na koyi cewa takardar fita waje ba ranar da buƙata ta taso ake neman ta ba, kuma yanzu duk wanda zan cike wa takarda sai na tabbatar sunansa ɗaya ne ko'ina. Amma babban abin da na koya shi ne, na yi shekara arba'in ina kiran mace Inna ban taɓa tambayar ta wace ce ita kafin ta zama uwata ba. Wanda tasa ke raye, ya zauna ya tambaye ta tun tana iya ba shi amsa.