Kotu a Teburinmu na Cin Abinci

A shekarar da aka hana Baba fita daga Saudiyya ne malamarmu ta tarihin shari'a ta raba mana batutuwan bincike. Ni abin da ya faɗo mini shi ne kotunan farko na jihohin Amurka, da shari'o'in wani mutum da ya kafa sabon addini a can a ƙarni na sha tara, wanda ya ce ya tono littafinsa daga wani tudu, rubuce a kan faifan zinariya. Ban zaɓa ba, ban kuma ƙi ba. A lokacin duk abin da aka miƙo mini karɓa nake yi.

Baba injiniya ne a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu. Wata na'ura da ke ƙarƙashin kulawarsa ta cinye yatsun wani ma'aikaci, mutumin Maraɗi. Aka buɗe shari'a, aka sa Baba cikin waɗanda ba za su bar ƙasar ba sai an gama. A makon nan ne kuma aka bugo daga Gusau cewa Hajiya, mahaifiyarsa, ta kwanta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Uwata yake ce mini.

Hajiya ba ta da haƙori ko ɗaya, kuma babu abin da take so kamar ɗanyen dabino mai laushi, wanda ke narkewa a harshe. Washegarin kiran Baba ya sayo kwali guda ya sa a firji, ya haɗa kayansa a akwati ya ajiye a bakin ƙofa. Ya ce zama ɗaya za a yi a sallame shi.

Ba mu taɓa taka kotun ba. Ita ce ke zuwa gidanmu a unguwar Al-Naseem, ta cikin kwamfutata, a kan teburin cin abinci. Ranar zama Umma kan kwashe kwanuka da butar shayi, ni kuma in tara littattafai in ɗora kwamfutar a kai don ta yi daidai da fuskarsa. Baba zai fito cikin babbar riga da hula, ya sha turare.

"Injiniya, alƙalin nan fa ba ya jin ƙamshi ta waya," in ji Umma.

"Ke dai miƙo mini takalmina."

"A kan kafet ɗina?"

"Kotu ce."

"Jiya a nan ka zubar mini da miyar kuka, yau ta zama kotu."

Ta miƙa masa. Da alƙali ya bayyana sai Baba ya miƙe tsaye don girmamawa, kansa ya ɓace daga allo, ba a ganin komai sai aikin wuyan rigarsa. Alƙalin, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce masa ya zauna. Kowane zama haka ake yi, bai taɓa fasa miƙewa ba.

Larabcin Baba na masana'anta ne, na kawo wannan, ɗaure wancan. Ni a nan aka haife ni, da Larabci nake mafarki. Akwai tafinta, amma muryarsa na yankewa, don haka nakan zauna a bayan kwamfutar inda ba a ganina, Baba yana karanta fuskata. Na koyi barin fuskar babu komai a kanta. Daga baya na kasa maido ta yadda take.

"Uwata, me ya ce?"

"An ɗage."

"Zuwa yaushe?"

"Za su turo saƙo."

Ɗanyen dabino ba ya jira. Ko a firji, in ya daɗe sai ya fara tsami. Umma ta fito da kwalin ta ajiye a tsakiyar teburin, muka cinye. Baba ya je ya sayo wani. Haka muka yi ta yi har ɗanyen ya ƙare a kasuwa, ya koma sayen wanda aka daskarar.

Da rana nakan zauna a teburin nan in yi karatuna. Kotunan da nake karantawa ma ba su da gida. Ƙaramin alƙali a wancan zamani sau da yawa manomi ne ko mai shago, yana sauraron ƙara a falonsa ko a masaukin matafiya. Manyan alƙalai kuwa a kan doki suke zagaya gundumomi, in sun wuce garinku sai ka jira su sake zagayowa. Mutumin nan na bincikena ya sha tsayawa a irin waɗannan ɗakuna. Akwai lokacin da aka sallame shi a wata gunduma, bai bar wurin ba ɗan sandan gundumar maƙwabta ya kama shi a kan kusan maganar da aka gama. Daga baya wata jiha ta yi ta neman a miƙa mata shi, yana zaune a tsallaken kogi a wata jihar. Abin da ya ce an saukar masa ba nawa ba ne, ban kuma tsaya a kansa ba. Kogin nake ta kallo a taswira, ina bin sa da yatsa, har in manta na ɗora ruwan shayi.

Wata Juma'a mutumin Maraɗi ya zo gidanmu, hannunsa naɗe da bandeji. Ya ƙi hawa kujera sai da Baba ya sauko ƙasa kusa da shi.

"Alhaji, ni ban kai ƙararka ba. Na je na faɗa musu na yafe."

"Ni ne da neman yafiya, Malam."

"Haba. Yatsun da suka rage sun ishe ni cin tuwo. Matata ma cewa ta yi yanzu loma ta ragu, hatsi zai yi auki."

Umma ta yi dariya daga kicin. Baba ya ɗauko kwalin dabinon da ke firji ya ba shi duka.

Muka ɗauka an gama. A zama na gaba alƙali ya karɓi yafiyar, ya rufe haƙƙin mutumin. Saura haƙƙin hukuma, wannan kuma wani sashe ne zai duba. Baba ya kalli fuskata.

"An sallame ka a nan," na ce. "Akwai wani ɗakin."

Ya cire hularsa ya ajiye a kan teburin. Ni kuma na tuna ɗan sandan da ke tsaye a bakin ƙofa yana jira a gama. Ban ji komai a raina ba. Na tashi na maido kwanukan.

Da farko Hajiya kan kira ta wayar Baffa, ƙanin Baba. "Takwara, har yanzu Hausarki ta Larabawa ce?" Sai ta tambaya ko ubana na cin abinci. Daga baya Baffa ke riƙe mata wayar tana kallon gefe. Daga baya kuma sai ya ce tana barci.

Na kai ƙarshen binciken. An kashe mutumin a kurkuku yana jiran shari'ar da ba a yi ba. Kafin nan ya tsallake kogin ya tsira, sai kuma ya dawo da ƙafarsa. Na karanta cewa mahaifiyarsa tana raye a lokacin. Na sa wannan a rubutuna, malamarmu ta ja layi a ƙarƙashinsa ta ce ba ya cikin batun. Na goge.

Saƙon ya shigo wayar Baba muna cin abincin rana. Ya miƙo mini na karanta. An rufe shari'a, an ɗage hanin fita. Ya ce, "To." Ya ƙarasa shinkafarsa. Umma ta goge ƙurar da ke kan akwatin.

Kwana kaɗan da saukarsa a Gusau ya kira mu. Na ɗora kwamfutar a kan littattafai kamar yadda na saba. Yana zaune a tsakar gidan Gusau, ba hula.

"Ta karɓi dabinon?" in ji Umma.

"Ta karɓa. Ta sa mini albarka sosai. Ta ce ashe daga ƙasa mai tsarki nake, to ita ma tana da ɗa a can, injiniya ne, ko na san shi."

Baba ya ci gaba.

"Ba ta ci ba. Ta tura kwalin ƙarƙashin gado, ta ce a ajiye masa."

"Baba, me ka ce mata?"

"Na ce na san shi, Uwata. Na ce yana nan tafe."