Kawu Habu Mahauci da Takardar da Na Karanta Masa Rabi

Mu mutanen kirki ne, wannan ko maƙiyi ya shaida. Ba ma jefa wa mutum mugun labari tsirara, sai mun sa masa riga da hula. Ina tsaye a kara a Rogo, hannuna a kan tozon wani bijimi, Musa ɗan Kawu Habu ya kira ni a waya ya ce jikin Baba ya ɗan matsa, in na sami sarari in leƙo gida, garin Turawa. Na ji kukan mata a bayan muryarsa. Na ce masa, "Musa, yaushe za a yi jana'iza?" Ya ce bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun ga irin tarbiyyarmu: mutum ya riga ya cika, amma jikinsa ɗan matsawa kawai ya yi.

Kawu Habu wan mahaifiyata ne, kuma mahauci tun kafin a haife ni. Ni dillalin shanu ne, na ɗan taɓa boko, don haka duk takardar da ta shigo dangi hannuna take biyowa. Ɗan Boko yake kirana in yana raha, Dillali in na ɓata masa rai. Yakan ce saniya ba ta ƙarya sai in da fata a jikinta da kuma ni a gefenta.

Abin da aka san shi da shi a mahauta shi ne, in ya feɗe dabba ba ya gaggawar ɗora nama a tebur. Sai ya laluba 'yan kaluluwar da ke maƙale kusa da tumbi da huhu, ya tsaga su ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa, ya duba. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, kayan cikin nan rami za su, ko da mai dabba zai yi ta rantsuwa. Na taɓa kawo masa wata saniya mai sheƙi, ya binne tumbinta da hantarta da huhunta a gabana. Da na yi ƙorafi cewa tumbin fes yake, sai ya ce, "Ba a tambayar tumbi lafiyarsa, maƙwabtansa ake tambaya."

Ya daɗe yana fama da zafin ciki, muna ce masa olsa ce. Da abin ya ƙi, na kai shi babban asibiti a Kano. Aka zura masa roba mai kyamara ta baki, aka ga wani ɗan tsiro a bangon tumbi. Ciwon daji ne, amma likitar ta ce an yi sa'a, da wuri aka gan shi. Suka cire shi ba tare da an tsaga ciki ba, suka aika da naman ɗakin gwaji. Kawu ya dawo gida, cin tuwo ya dawo, kumatu suka ciko. Jama'a suka yi ta zuwa barka har daga Beli.

Sakamakon ya fito ana gab da Babbar Sallah, lokacin da mahauci ba ya da kansa, sai na tafi ni kaɗai. Likitar ta zaunar da ni ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce suna yanka naman siriri, su sa masa rini iri-iri, su duba a madubin likita, kuma rinin yana fito da alamun da ke nuna halin ciwon. Tsiron Kawu ƙarami ne, an kuma cire shi duka. Amma alamun sun nuna irin mai son yawo ne, har an ga ƙwayoyinsa a cikin 'yan hanyoyin da ke kaiwa ga kaluluwa. Ba ta ce ya bazu ba. Ta ce haɗarin yana da yawa, shawararsu a yi tiyata a cire wani sashe na tumbin tare da kaluluwar da ke kewaye. Sau biyu ta ce in kawo shi da kansa.

A zaure muka zauna da Musa da mahaifiyarsa, Inna Larai. Inna ta ce mutumin da ke cinye malmala biyu, a kai shi a yanke masa tumbi? Musa ya ce fargaba kaɗai za ta iya kwantar da shi. Ni kuwa, da na ji maganar likita da kunnena, na fi kowa saurin yarda. Na shiga wurin Kawu na buɗe takarda na ce, "Sun ce ƙarami ne, kuma an cire shi duka." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Haka nake sayar da saniya mai ɗingishi: in nuna haƙori, in nuna tozo, in tsaya daidai saitin ƙafar.

Damina biyu muka samu. Sannan rama ta fara, nama ya daina yi masa daɗi. Wata ranar da hantsi na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya kamo yatsana ya ɗora a ramin wuyansa na hagu, saman ƙashi. Wani ƙullutu ne mai tauri kamar gyaɗa.

"Dillali," ya ce, "ɗauko takardar nan ka sake karanta mini. Wannan karon ka matsa daga gaban ƙafar."

Na karanta masa duka, har shawarar tiyata. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin dabbar wani. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Shekara arba'in ina tsaga wannan abin da hannuna. Duk gidan nan wa ya kai ni gane maganar matar nan?"

Muka koma Kano. Ciwon ya riga ya kai hanta, zancen tiyata ya wuce. Ban sani ba ko da an yi ta tun farko da ya tsira, likitar ma ba ta taɓa yin wannan alkawari ba, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma zaɓin nasa ne, mu muka cinye masa shi, cikin ladabi da ƙauna. Daga baya ya ce ya yafe mana, ya kuma hana Musa ya riƙe ni a zuci, wai tare da Musan muka yi cinikin.

Allah Ya jiƙan Kawu Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Yadda ya tsare cikin jama'a daga mugun nama, Allah Ya tsare shi daga azaba. Allah Ya ba Inna Larai da Musa da ƙannensa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu da muka rufe masa baki da alheri, Allah Ya yafe mana.

Ranar sadakar uku wani maƙwabci ya ja ni gefe da takardar asibitin mahaifiyarsa. Ya ce in zo in karanta mata yadda na karanta wa Kawu, don kowa ya ga irin kwanciyar hankalin da ya samu. Na ce zan zo, amma tun daga sama har ƙasa zan karanta. Ya ninke takardarsa, ya yi mini godiya sosai, ya ce zai nemi wani malamin makaranta.

To jama'a, ranar da taku takardar ta fito, wane irin mai karatu kuke so 'ya'yanku su nemo muku?