Ƙafa Huɗu a Kan Kwalta

Motar ba tawa ba ce ni kaɗai, amma na daɗe ina mantawa da haka. A-kori-kura ce fara, babanmu ya rasu ya bar mana ita ni da yayana. Shi yana noman masara a Doguwa, ni ina tuƙi, kuma da abin da motar ta samo gidajenmu biyu suke cefane. Da rani lafiya lau take. Da damina kuwa, ina sauka daga titi na kama hanyar ƙauyukan bayan Falgore, sai tayoyin baya su nutse a taɓo su yi ta juyawa wuri ɗaya. Fasinjoji su sauka su tura, su iso kasuwa da laka har wuya.

A shekarun nan na tamanin, ma'aikatan gandun daji suna da wata mota mai ja da ƙafa huɗu. Sau da yawa takan wuce ni ina kafe, direbanta ya ɗaga mini hannu kamar mai yi wa majinyaci sannu. Wannan ɗaga hannun ne ya tsaya mini a rai. Wahalar fasinja ba ta taɓa hana ni barci ba, ko da yake ita na riƙa kawowa hujja.

Wani bakanike a Kwanar Dangora, mai baki kamar rediyo, ya ce abin wasa ne. Yana da aksul ɗin gaba na wata motar daji da ta yi haɗari, da ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi gaba da baya. A yanka, a yi walda, a ɗaga safirin, shi ke nan. Ban tambaye shi ko ya taɓa yin irin aikin ba, don ina tsoron amsar. Yayana ya ce in bari sai bayan kaka, ba a buɗe cikin motar da ake ci da ita ana tsakiyar aiki. Na ce masa kulochi kawai za a canza.

Ta yi makonni a gareji, ta fito gabanta ya fi bayanta tsayi, kamar akuya ta ɗafe katanga tana cin ganye. Wani sabon sandan giya ya ɓullo kusa da ƙafata ta wani rami da aka ƙona da wuta. Na ɗaura masa tsumma ja don a gani.

Abin haushin shi ne ta yi aiki. Na ja sandan a bakin wani rafi da ya saba cin mutuncina, ta haye da kaya ba wanda ya sauka. Matan ruga da ke gefen hanya da ƙwaryar nono suka ja baya suna kallo, ni kuwa na fitar da gwiwar hannu ta taga. Na lura tayoyin gaba sun fi na baya sauri, domin haƙoran aksul ɗin biyu ba su zo daidai ba. A taɓo taya tana sulɓewa, ba a gane bambancin. Bakaniken da kansa ya ce in riƙa sakin sandan kafin in hau kwalta. Na ji shi sarai.

Ranar kasuwar Tudun Wada na ɗauko ɗanyar masarar yayana, sai ga direban gandun daji a teburin mai shayi. Ya taso ya zagaya motar hannu a baya, ya leƙa ta taga.

"Direba, wannan sandan mai jan ɗankwali na korar ƙuda ne?"

Na ce ya koma ya zauna ya gani. Na ja sandan a kan busasshiyar kwalta, da lodi, na murɗa sitiyari don in yi kwana a gaban jama'a. Sitiyarin ya yi tauri. Tayoyi suka fara kuka, gaba yana ja, baya yana tirjewa, motar tana tsalle kamar jakin da aka ɗora wa baƙo. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na ƙara wuta. Aka ji ƙara kamar an fasa tulu, furofela, ƙarfen da ke juya tayoyi, ta faɗo ƙasa, baƙin mai ya malala har gindin bencin mai shayi. Direban nan bai ma yi dariya ba, ya ɗage ƙafarsa kawai kada mai ya taɓa masa takalmi.

Yayana ya iso da la'asar. Ya durƙusa ya daɗe yana duba ƙarƙashin motar, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Wannan kulochin naka da girma yake," in ji shi.

Har yau na fi son a ce zagina ya yi. Kakar shekarar ta same mu mota tana kan duwatsu, amfanin gonarmu a motar wasu aka kai shi kasuwa. Sai da ya sayar da shanun huɗarsa aka sami giyabos na hannu, aka cire duk abin da na sa, ta koma yadda babanmu ya bar ta. Ni kuwa na shekara ina ɓata sunan bakaniken nan a majalisa, ina cewa ƙarfen banza ya sa mini. Allah ya yafe mini wannan ma.

Ranar da aka dawo da ita gida na yi wanka na fito ƙofar gida na tsaya. Yayana ya wuce ta gabana ya miƙa wa ƙanen matarsa makulli, ya ce da ni akwai huɗa a gonar fadama, kuma tunda babu shanu, garma tana zaure.