Jitar Bahaguwa

Ko tsufa zai kwashe min komai a kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na tsaya a gaban coci da jita ina kaɗawa da hannun hagu, balle wahalar da na sha kafin jitar ta shigo hannuna. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta sake ɗaukar zafi kamar jiya aka yi.

Ni bahaguwa ce, haka Allah ya yi ni. A gidanmu na Kabong a Jos kuwa wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Tun ina 'yar mitsitsiya Mama take ɗaure min hannun hagu da ɗankwali in an zo cin tuwo, a makaranta kuma malama ta ɗora da rula. Na girma ina ci da dama, ina rubutu da dama, ina gaisuwa da dama, ina jefa baiko a coci da dama. Amma in an zo yankan kabeji ko daka ko ɗinki, hagun nan sai ya miƙe abinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ban ce Mama muguwa ce ba, wallahi ba muguwa ba ce. Abin da ta sani ke nan, kuma tsoronta kada a ce 'yarta ba ta da tarbiyya.

Na haura arba'in, ina koyarwa a firamare, yara sun girma sun rage min hayaniya, sai kwaɗayin jita ya kama ni. Ina cikin zumuntar mata ta cocinmu, kuma akwai wata waƙa da na haɗa da kaina wadda nake ta rerawa a kicin. Duk lokacin da na rera sai in ji kiɗan jita a ƙarƙashinta. Da aka fara shirin makon mata na shekarar, sai na miƙe a taro na ce ni zan kawo waƙa, kuma da jita zan kawo ta. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Jita kuma? Ba ta samari ba ce?" Na ce a ina aka rubuta?

Na je wurin malamin kwaya, mai horar da mawaƙan coci, ya koya min da jitar coci. Ina ɗauka na rungume ta yadda jikina ya so, sai ya ce, "A'a, Malama, juya ta." Na juya. Makonni na yi ina fama, hannun dama ya ƙi bin kiɗa, sai ka ce itace aka liƙa min a kafaɗa. Na roƙe shi ya bari a juya igiyoyin, ya ce kayan coci ne, ba za a lalata saboda mutum ɗaya ba. Sannan ya ƙara da maganar da ta ƙona min rai: "Gaskiya ma ni ban taɓa ganin an yi wa Allah hidima da hagu ba. In dama ta ƙi, ki haƙura ki koma tafi."

In koma tafi! Na ajiye masa jitarsa a hankali, don ba ita ta yi min laifi ba, na ce, "Malam, ka riƙe taka. Zan zo da tawa."

Labari ya riga ni zuwa gida wurin Mama. Ita ce mai buga babbar tukunyar zumunta, wadda ake dukan bakinta da soso, kuma tun ina goye take bugawa. In tukunyar Mama ba ta shiga ba, waƙar mata ba ta tashi ba. Ta kira ni, ta zaunar da ni kamar 'yar shekara bakwai.

"Duk wahalar da na sha a kan hannun nan, yanzu da furfurarki za ki je ki ɗaga shi a gaban jama'a?"

Na ce, "Mama, kiɗa zan yi, ba abinci zan miƙa wa fasto ba."

Ta ce, "To ki ji da kyau. In kika hau da hagu, ba zan taɓa tukunyar nan ba. Ki yi waƙarki ke kaɗai."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Uwata ce, kuma ba ta taɓa faɗin abu ta janye ba. Amma ni ma jininta ne a jikina.

Na zaga shagunan kayan kiɗa a Taminus, babu jitar hagu ko ɗaya. Wani ma tambayata ya yi ko ana yin irinta. Sai wata abokiyar aikina ta nuna min shafin saye da sayarwa a waya, inda mutane ke saka kayan hannu. Na duƙufa. Na kalli bidiyo iri-iri har na gane abin dubawa a tsohuwar jitar katako: wuyanta kada ya lanƙwashe, igiyoyi kada su yi nisa da katakon wuya har su yanka yatsa, a leƙa ko akwai tsagewa, a duba ko wurin da igiyoyi ke kamawa a ciki ya fara ɗagowa. Na kuma gane yadda ake bambanta ta hagu. In ka tsayar da ita tana kallonka, igiya mai kauri tana ɓangaren damanka, baƙar robar nan da ake mannawa kusa da rami kuma tana hagu. Maigidana ya ce tunda ya aure ni bai taɓa ganin na yi wa wani abu naci haka ba, har shi.

Ran nan sai ga ta. Hoto tas, igiya mai kauri a dama, roba a hagu. Na kira mai ita, ya ce in same shi a Tina Junction. Na tashi daga makaranta na hau keke napep, ruwa na tsugawa, na isa a jiƙe sharkaf. Ashe shagon aski ne. Mai jitar, wani saurayi, ya shiga ciki ya fito da ita. Ta dama ce, irin ta kowa.

Na ce, "Wannan ba ita ce a hoto ba."

Ya ce, "Ita ce mana, Madam."

Na ɗaga kai sai na ga ƙaton madubin askinsa, nan take na gane. A cikin madubi ya ɗauki hoton, madubi kuma ya juya komai. Bai yi da niyyar cuta ba, amma da na yi masa bayani sai ya hau dariya, kwastomansa na taya shi. "Madam, na the same thing, duk ɗaya ne! Ki juya igiyoyin kawai, shi ke nan."

Kai, ranar na yi masifa. Na ce masa, "Yaro, tun kafin a haife ka ake juya ni. An juya min cokali, an juya min fensir. Ban shigo ruwan nan don in sayi wani abin juyawa ba. Wadda aka yi domin irina nake nema." Na fita, na tsaya bakin titi ina jiran keke, ruwa da hawaye sun haɗu a fuskata, babu mai iya bambancewa.

Maigidana ya ce in haƙura haka. Na ce ko kusa. Daga ranar na kafa doka: duk wanda ya ce yana da jitar hagu, ya jingina gwangwanin madara ko kwalin sabulu a jikinta ya sake ɗaukar hoto. In rubutun ya karantu daidai, mu ci gaba da magana. In ya fito a baibai, ya riƙe kayansa. Wasu suka ce na cika fitina, wani ya kashe waya a kunnena. Ko a jikina.

Ana cikin haka na ci karo da wata talla da ta daɗe a shafin ba wanda ya kula ta. Hoton ma duhu-duhu ne. Na aika saƙon gwangwanina, washegari sai ga hoto: jita mai ruwan zuma, duk ta goge a gefe, da gwangwanin madara a jingine, rubutu na karantuwa sarai. Na nemi bidiyo, a nuna min wuya daga sama zuwa ƙasa, a taɓa kowace igiya. Aka turo. Hannun da ke taɓa igiyoyin na tsoho ne, yana ɗan karkarwa, kuma na lura hannun hagu ne.

A Nasarawa Gwom yake. Wani dattijo ɗan kabilar Ibo mai gyaran rediyo, wanda ya ce a Jos ya yi samartakarsa kuma a Jos zai mutu. Na gaishe shi, ya ba ni benci. Hausarsa irin ta 'yan kasuwarmu ce, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Kai ne mai gwangwani?" Ya yi dariya. "Mutane da yawa ya zo, ya ce jita ya lalace, an haɗa shi baibai. Kai kaɗai ya tambaya daidai."

Ya ce ciwon gaɓoɓi ya hana shi kaɗawa, 'ya'yansa kuma duk na dama ne. Na duba ta yadda na koya. Wuya a miƙe yake, akwai 'yar tsagewa a baya wadda shi da kansa ya nuna min tun ban gani ba, igiyoyin sun yi tsatsa suna neman canji. Muka daidaita ba ja-in-ja. Sai ya ɗauko ta ya miƙo min da hannun hagu. Ni kuwa yadda aka horar da ni, na rusuna na miƙa dama. Dattijon nan ya janye jitar.

"A'a. Da wanda za ka kaɗa, da shi za ka karɓa."

A rayuwata babba bai taɓa cewa in miƙo masa hagu ba. Na ɗaga hannun, ya yi min nauyi kamar na aro, na karɓa. Na rungume ta, na ja yatsa a kan igiyoyin, sai na ji abin ya zauna daram. Ban san lokacin da na ce "Yauwa!" da ƙarfi ba, har mai shagon kusa ya leƙo.

Na sa sababbin igiyoyi, na koya da bidiyo a waya, yatsun dama suka yi kanta. Ban zama gwana ba, kada in yi muku ƙarya. Kamun igiyoyi iri uku na iya, kuma su waƙata take buƙata.

Ranar Lahadin mata ta zo. Coci ya cika maƙil, mata duk cikin anko. Mama na zaune a gaba da tukunyarta, soso a kan cinya, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Da na rataya jitar, wuyanta ya nufi ɓangaren da ba a saba gani ba, sai ƙus-ƙus ya tashi. Malamin kwaya ya sunkuyar da kai. Na kalli Mama, ta kalli bango.

Na fara. Baiti na farko ni kaɗai, daga ni sai jita. Masu girgiza caki suna satar kallon Mama, ba wadda ta isa ta shiga kafin tukunya. Na kuskure kamu ɗaya, na ji wani ya yi tari. Raina ya ce ki tsaya ki nemi gafara ki sauka. Na ce wa raina ya rufe min baki. Na ƙara ƙarfin hagun nan, na ɗaga murya, na shiga baiti na biyu. Na riga na yanke cewa ko ba wanda ya taya ni sai na kai ta ƙarshe.

A tsakiyar amshi na ji shi. Dum. Sai kuma dum, dum. Ban juya ba, don na san bugun nan tun ina bayanta a goye. Caki ya shiga, mata suka ɗauki amshi, guɗa ta tashi daga baya. Ban san yadda na ƙarasa ba, na dai san na ƙarasa.

Da aka tashi na je na durƙusa na gaishe ta. Fuskar nan a murtuke. Ta ce, "Kada ki ɗauka na yarda. Waƙar Allah ce, ba zan zauna ina kallo ta faɗi ƙasa ba." Ta gyara ɗaurinta, ta ƙara da cewa, "Ta yi daɗi. Amma da da hannun dama ne, da ta fi."

Na ce, "Mama, da da hannun dama ne, da ba ki taɓa jin ta ba."

Ta harare ni, ta miƙo min soson tukunyar in riƙe mata. Na karɓa da dama, don wannan haƙƙinta ne, kuma har ta bar duniya ban taɓa miƙa mata komai da hagu ba. Ita ma har ta bar duniya ba ta ce na yi daidai ba, amma ban sake hawa da jitar nan tukunyarta ta yi shiru ba.

Abin da na koya shi ne, ladabi daban, ba da kai a yi ta juyawa daban. Ka ba manya girmansu da hannun da suke so, amma baiwar da Allah ya sa maka, da hannun da ya sa ta za ka fitar da ita, kuma kada ka jira sai an yarda kafin ka fara. Da na jira tukunyar Mama ta fara bugawa, da har yau a kicin nake rera waƙar nan.