Zanen Ƙusa Uku

Rumfata ta yankan makulli manne take da tasa, katako ɗaya ne ya raba mu. Duk layin Baba Mai Reza ake kiransa, ko da yake ba reza yake sayarwa ba. Gidan reza yake gyarawa, irin na ƙarfe na da, wanda ake kwancewa a sa reza a tsakiya a ɗaure. Tun da na roba suka fito, waɗanda ake aski sau biyu a jefar, cinikinsa ya koma na tsofaffi 'yan uwansa da wasu 'yan tsiraru masu sha'awar tara kayan da. Wata rana sai a wuni ba wanda ya tsaya. Shi ya sa yake da lokacin magana, ni kuma ba na gajiya da saurare.

Idan aka miƙo masa gidan reza ba ya saurin dubawa. Sai ya fara auna nauyinsa a tafin hannu. Ya ce tagulla tana da nata nauyin, kwaikwayo kuma a hannu ake kama shi tun kafin ido. Daga nan ya shafa bakin da ɗan yatsa: mai haƙora kamar mataji ya girmi mai miƙaƙƙen baki, shi kuma ya girmi wanda ake murɗa gindinsa ya buɗe kamar ƙyauren taga. Sai a ƙarshe yake kwance shi, ya kifa farantin ƙasa, ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido. A nan maƙera suke buga harafi da lamba, ƙanana kamar kan allura, waɗanda suke nuna shekarar da aka yi shi. Bai taɓa faɗin shekarar da bai gani da idonsa ba. Wani mai tara kaya ya taɓa roƙonsa ya ƙara wa nasa shekara goma don ya burge abokai. Baba ya ce masa shi ba mai gyaran takardar haihuwa ba ne.

Wankinsa ma a hankali ne. Ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya jiƙu, sai tsohon buroshin haƙori, sai tsinken sakace don lungu, sai ɗigon man keken ɗinki a zaren murɗawa. Ran da na ba shi guntun samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, daga rumfata, ina ganin taimako na yi, ya mayar mini da yatsa biyu kamar na miƙa masa kunama. Ranar ce ya ba ni labarin yadda ya shiga sana'ar.

Mahaifinsu direban babbar mota ne, ba ya kwana uku a jere a gida. Abin da Baba ya fi tunawa da shi shi ne safiyar dawowarsa: yana tsugune gaban guntun madubi, kumfa har kunne, yana aski da wani gidan reza mai haƙora. Baba yana ƙarami ya taɓa yar da shi, haƙorin ƙarshe ya lanƙwashe, ya sha duka a kan haka. Kuma don kada ya haɗe da na abokan tafiya a masauki, mahaifin ya yi masa zane uku da ƙusa a ƙarƙashin faranti. Da ya rasu, Baba yana da shekara goma sha tara kuma ba ya gari. Kafin ya dawo, yayansa ya share ɗakin, ya tattara duk wani abu na ƙarfe a buhu ya ba masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ba hoto, ba agogo, ba ko hula. Baba ya gaya wa yayan magana mai zafi a gaban mutane, daga nan gaisuwarsu ta koma ta suna da jana'iza.

Sai ya shiga bin masu ƙarafa, yana saye duk gidan rezar da ya faɗo hannunsu. Dukansu sun yi kore, tsohuwar kumfa ta daskare a ƙarƙashinsu kamar siminti, kuma rabinsu haƙoransu a lanƙwashe suke, don haka haƙori bai isa shaida ba. Zanen yake so ya gani. Don ya gani, sai ya riƙa sa samfefa yana goge dattin har ƙarfe ya yi fari. In bai ga komai ba, ya miƙe haƙoran da filaya, ya sayar, ya sayi wani. Shekara uku yana haka. Wani tsoho mai gyaran agogo ne ya tsaya kansa wata rana yana kallo, ya tambaye shi me yake nema. Da ya ji, sai ya ɗauki wani faranti, ya yi masa zane da ƙusa, ya ja samfefa a kai sau uku, ya miƙa masa. Zanen ya tafi.

"Waɗanda na goge sun haura ɗari biyu," in ji Baba. "Kuma a shekarun da na mahaifinmu ya fi kusa da ni ke nan."

Tun daga nan bai sake taɓa samfefa ba, ya koyi aikin yadda ake yinsa, har ya zama shi ake nema. Amma neman nasa ya rabu biyu: waɗanda ba su taɓa zuwa hannunsa ba, da waɗanda shi da kansa ya goge ya sayar. Yana fatan ko a ɗaya daga cikinsu gindin zane guda ya tsira. Matarsa ta ce da ya nemi kujerar mulki da irin wannan nacin, da yanzu da mota ake kai ta kasuwa. A bana kuma yanar ido ta fara rufe masa na dama, wanda yake sa wa gilashin. Likita ya ce na hagun ma yana hanya.

Wata rana da hantsi ina cikin yanka makulli sai ga wani dattijo, dogo, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa, yana dogara sanda. Ya tsaya gaban rumfar Baba ya yi sallama. Baba ya amsa bai ɗago ba, sannan hannunsa ya tsaya cak. Na kashe injina.

"Yaya, kai ne da kanka?"

"To wa zan aiko? Matso mini kujerar nan, ƙafafun nan ba nawa ba ne yanzu."

Suka gaisa gaisuwa doguwa wadda ba ta da komai a ciki. Yayan ya ce Baba ya tsufa, Baba ya ce ai wanda ya riga shi zuwa duniya ne yake faɗa. Sannan dattijon ya ciro ƙullin hankici daga aljihu. Ya ce mutumin da ya ba buhun nan ya daɗe da rasuwa, amma ya yi wata biyar yana bin 'ya'yansa, har ya samu wanda ya tuna cewa ubansu ya taɓa sayen abin aski a wajen wani saurayi mai gyara, saboda uban ya ce kamar ya san abin daga kayan da suka bi ta hannunsa. Ga shi nan. Ya ce shi dai zuciyarsa ta ba shi na mahaifinsu ne.

Baba ya auna shi a hannu. Ya shafa haƙoran, ya daɗe a kan na ƙarshe. Ya kwance, ya kifa farantin, ya sa gilashin a idon dama, ya mayar na hagu, ya fito bakin rumfa inda rana take. Daga baya ya kira ni.

"Ɗana, ara mini idonka."

Na duba iyakar dubawata. Harafin da lambar suna nan, sun dushe amma ana karantawa, na faɗa masa. Ya ce shekarar ta yi daidai da lokacin da mahaifinsu ya fara tuƙi. A gindin haƙorin ƙarshe akwai tabon filaya guda biyu. Sauran farantin kuwa sumul yake, sai sawun samfefa siri-siri duk sun nufi gefe guda. Ya tambaye ni ko ba wani layi da ya gitta su, ko ɗan guntu. Na juya shi ta kowace fuska. Na so ƙwarai in ce akwai.

"Babu, Baba."

Ya karɓa ya zauna. Ya ce aikinsa ne, ya san jan hannunsa na wancan lokacin.

"To ka gani," in ji yayan. "Ni na sayar, kai ka goge. Ka ce shi ne mana, mu huta. Ni ba daɗewa zan yi ba, ka dube ni."

Baba ya ajiye farantin a gabansa.

"Irinsa ne, Yaya. Shekarar ma ta yi. Amma a shekarar nan dubu nawa aka ƙera? Ni kaina na goge irinsa sun fi ashirin."

"Ba ciniki na zo ba. Ƙanina nake tambaya."

"Na sani. Ban gani ba ne."

Dattijon ya jinjina kai, ya ninke hankicinsa wayam ya mayar aljihu. Ya ce tun suna yara haka Baba yake, ko ruwa aka ce ana yi sai ya fita ya jiƙe. Ya yunƙura sau biyu kafin ya tashi. Baba ya miƙe zai raka shi, ya ce ya zauna, ya san hanya. Ni na tare masa abin hawa a bakin titi.

Bayan mako bakwai aka aiko cewa yayan ya rasu. Baba ya rufe rumfa kwana uku. Da ya dawo, masu ƙarafa suka kawo masa kaya kamar kullum, ya ce su daina, ba ya saye kuma. Yanzu aikin da aka kawo kawai yake karɓa, yana wankewa da lalube, ni nake karanta masa lambobi. Jiya na tambaye shi, da za a dawo da ranar, ko zai ce shi ne. Ya juya tsinken sakace a hannu, ya ce bai sani ba, kuma ko ya sani yanzu ba wanda zai gaya wa.