Ƙofofin Motar Shahata

Shahata direban tasi ne a Iskandariya, kuma wallahi bakinsa ne babban maƙiyinsa. Sau biyu yana rantsuwa da igiyar aurensa a kan abin banza, sau biyu rantsuwar tana kama shi. Igiya ɗaya ta rage tsakaninsa da matarsa Fauƙiyya.

Da bikin 'yarsu Nagat ya matso, dangin ango suka ce za su yi hayar sabuwar mota, wai tsohuwar Fiyat ɗinsa ba ta yi kama da motar amarya ba. Nan take gogan naka ya buga tebur a gaban kowa: in ba a motarsa aka kai Nagat ba, a bakin aurensa.

Ya kai motar garejin wani mai gyara, Usta Gabir, a sake mata fenti. Usta ya ce a rufe gilasai da jarida a fesa kawai, haka kowa yake yi a garin nan, iskar teku ba ta bar ƙarfe da rai ba. Ina! Shahata ya ce sai an cire firam ɗin tagogi, kada surukai su hango tsohon fenti a gefe. Da hannunsa ya kwance noti, ya ja. Firam ya taho da rabin ƙofa, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ashe fenti ne kaɗai yake riƙe da ita. Sauran ukun ma haka.

Ya zaga duk masu sayar da tsofaffin kayan mota yana neman ƙofofi, ƙafarsa har ta kumbura. Babu. Ya je wajen liman yana hawaye, liman ya ce bai ga mafita ba. Tsoro ya hana shi cin ko loma ɗaya.

Ranar Alhamis, ranar kai amarya, motar ta tsaya a ƙofar gida, ta sha furanni, ba ƙofa ko ɗaya. Dangin ango suna ta ƙunshe dariya. Nagat ta fito cikin farar riga, ta gani, ta fashe da kuka, ta ce ko za a yanka ta ba za ta shiga ba. Shahata ya durƙusa a kan titi yana roƙonta.

Fauƙiyya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tattare wa 'yar bakin riga, ta ce:

"Shiga, 'yar nan. In ba haka ba, gobe in kin zo gaishe ni, ba a gidan nan za ki same ni ba."